Takardar da Na Nace Sai an Karanta

Ko ni na manta da taron nan na Jega, 'yan ƙungiyarmu ta manoman albasa ba za su manta ba, don har yau wasu da shi suke gaishe ni.

A shekarar ne ƙungiya ta durƙushe. Shugabanni sun zuba kuɗin mutane a wani kamfani da ya yi alkawarin ninka su, kamfanin ya ɓace. Ni ma ɗan kwamitin gudanarwa ne, amma na ƙarshen benci, wanda ba a jin muryarsa sai wajen rabon shinkafa. Da aka kira babban taro don gyara tsarin shugabanci, na ce dama ta samu (kujerar shugaba nake hange, har sabuwar babbar riga na ɗinka).

Manoma suka zo daga Aliero, Maiyama har Andarai. Na karɓi lasifika na yi ta zuba: amana, sa ido, bin ƙa'ida. Na kawo doka cewa duk wanda ya sa hannu a takardar fitar da kuɗin nan a haramta masa muƙami har abada. Aka yi tafi, kaina ya kumbura.

Malam Garba, tsohon sakatarenmu, ya ja mini riga. "Malam, bari batun takardar ga, mu je waje."

Na fizge. "Jama'a kun ji? Rufa-rufa ake so! A ba ni, ni zan karanta!"

Ya miƙo, na fara karanta sunayen masu sa hannu. Na farko, shugaba. Aka yi ihu. Na biyu, ma'aji. Ihu. Na uku, sunana, da sa hannuna raɗau. Nan na tuna ranar da aka miƙo mini ita ina cin tsire, na ɗauka ta karɓar kuɗin zama ce.

Na yi tari, na tsallake zuwa na huɗu.

Inna Hajo daga Jiga Makera, wadda guzurin Hajjinta ya salwanta a kamfanin nan, ta miƙe. "Ɗana, ban yi boko ba, amma bayan biyu sai uku. Na ukun wane na?"

"Ni ne, Inna. Amma wallahi ban karanta ba."

"To gara waɗancan, sun san abin da sunka yi."

Dokata ta samu amincewar kowa, kuma ta kaina aka fara. Yanzu kafin in yanka wa mutane doka, sai na fara gwada ta a jikina, a ɗaki, ƙofa a rufe.