Rasuwar 'Yargata, Ranar da Aka Haɗa Ta da Intanet

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da tambayar da na kasa amsawa, ni Ɗalhatu Baƙo na Akokan nake sanar da rasuwar 'Yargata, na'urarmu ta wasan bidiyo, wadda ta cika yau Juma'a dab da la'asar. Tambayar ita ce: wanda ya kashe abu yana ƙoƙarin cetonsa, makashi ne ko mai jinya?

Marigayiya mai haƙuri ce. Ni da abokina Rhissa muka saye ta tare, tun muna aiki a ramin uraniyom. In mun fito da ƙura a maƙogwaro, ita ke zaunar da mu gaban tele, wato talabijin, mu buga ƙwallo har shayi ya huce. Ba ta taɓa goyon bayan kowa ba. In an kunna ta sai ta ce "tiit", sau ɗaya, kamar mai neman izinin shiga.

Da aka rufe ramin, Rhissa ya samu aikin haƙar kwal a Anou Araren, ya tafi bai yi mini sallama ba. Na ce ba ni zan fara kiransa ba. Shi ma bai kira ba. Sai makon jiya ya aiko wani direba da saƙo: in haɗa 'Yargata da intanet, zai jira ni mu buga wasa ranar Juma'a bayan la'asar. In ya ga sunana ya fito a tasa na'urar, shi ke nan. In bai gani ba, ya ji amsa.

Jinyar ta fara bayan an sauko daga masallaci. Na haɗa ta da rezon wayata, wato sabis ɗinta na intanet, na ɗora wayar bisa katanga, inda rezon ke ɗan kamawa. Ta karɓa. Sai ta rubuta cewa za ta sabunta kanta tukuna, kada a kashe ta sai ta gama. Layin da ke nuna ci gaban sabuntawar ya fara rarrafe a tele. Kwanon rufi ya ɗau zafi, fankar cikinta ta koma "huuu, huuu", kukan da ban taɓa ji daga gare ta ba. Na taɓa bayanta, na janye hannu.

In na kashe ta, na saɓa gargaɗinta. In na bar ta, zafi ya gama da ita. Inuwa kuma sai tsawo take a tsakar gida.

Matata Mairo ta leƙo. "Malam, wancan abin da ke kan katanga fa waya ce. Ka kira bawan Allahn nan ka huta."

Na ce ta miƙo mini buhu.

"Buhun bidon ruwa? Ikon Allah!"

A garin nan hanya ɗaya muka sani ta sanyaya abu: a jiƙa buhu, a naɗe, a bar wa iska. Haka muke yi wa bido, jarkar ruwanmu, mu sha ruwan sanyi, haka na yi mata, da hannuna, cikin tausayi. Kukan ya lafa. Na ɗauka sauƙi ne. Layin saura ƙiris ya cika sai na ji "ƙas", warin ƙuna ya tashi, tele ta yi baƙi. Ladan ya ɗaga murya.

Ta rasu ta bar manet biyu, waɗanda ake riƙewa a hannu a buga wasan: tawa, da ta Rhissa wadda babban yatsansa ya goge wa maɓalli. Ta bar tele marainiya. Ta bar Mairo, wadda ta shanya buhun a inda dole in gan shi.

Gobe Asabar da hantsi za a kai gawar rumfar Attaher mai gyara a kasuwar Arlit, ya cire abin da zai amfani masu rai. Zaman makoki a ƙofar gidana. Akwai shayi, ba a son tambaya kan buhu.

Sai dai ba a fita da gawa magaji bai sani ba, rabinta kuwa na Rhissa ne. Tun la'asar yana zaune gaban tasa telen, yana karanta amsar da ban bayar ba. Na sauko da wayar daga katanga. Har yanzu da ɗuminta. Na danna lambarsa, tana shiga.