Jallabiyar Mai Sauran Girma

Kun san inda Bature ya samo kalmar nan adolescent? In kun sani, kar ku faɗa a gaban gajere.

Wani ne a unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar waje, ɗalibi, ya ba talatin baya, gemu har ƙirji, amma da kaɗan ya ɗara tukunyar gas tsayi. Yana neman auren Husaina, 'yar Malam Ya'ƙub na unguwar Faisal, har an sa masa ranar zuwa gaisuwa. Abu ɗaya ke cin ransa: kar uban ya raina tsayinsa.

Rannan abokin ɗakinsa Nata'ala, mai koyon Turanci a unguwar Dokki, yana bita da ƙarfi: "Adolescent, wanda ya kusa zama babba. Asalinta daga harshen Rumawan da ne, wato wanda yake kan girma, bai gama ba."

Mutumin ya yi zumbur. "Au, dama akwai wanda bai gama ba?"

"Samari ake nufi, ya ustaz."

"Dube ni da kyau, Nata'ala. Na yi maka kama da aikin da aka gama?"

Sai wajen tela. "Jallabiya nake so. Ka ƙara kamu guda a ƙasa, yadda ake wa yara ɗinkin Sallah."

Tela ya ce, "Ragowar wa zai sa?"

"Ni mana. Baɗi."

Ranar gaisuwa ƙofar mikrobas, ƙaramar motar haya, ta cafke jelar rigar, ya isa Faisal rabi a ciki, rabi na kaɗawa a titi kamar tuta. Ga shi bazarar 2014, an ɗauke wuta, lif ya tsaya, gidan kuwa can sama. Ya hau yana taka riga, yana gangarowa, yana sake hawa. Mai gadi har ya biyo shi da godiya, wai rabon matattakalar da shara irin wannan tun kafin juyin juya halin ƙasar.

Aka gaisa. Malam Ya'ƙub ya ce, "Ɗana, rigar wa ka aro?"

"Tawa ce, Baba. Kar tsayina ya dame ka. A lissafin Rumawa ban gama girma ba, ana nan ana yi."

Malam ya dubi gemun. Ya dubi jelar rigar, wadda har yanzu ba ta gama shigowa falo ba.

"Ma'alish, yi haƙuri, mu ba ma ba yara aure. Yalla, je ka, ranar da ka cika rigar ka dawo."