Yadda Za Ka Sayi Tsohon Injin Sassaƙa Ƙarfe Ka Girke Shi A Gida

Kai da ke yini kana kallon bidiyon Turawa a waya suna fere ƙarfe kamar sabulu, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba tsallake, kafin Sallah za ka mallaki injinka, sunanka kuma ya zagaye unguwa. Abin gwadajje ne. Maƙwabcina Datti, malamin ofis da ya yi ritaya, shi ya gwada, da shi za mu riƙa misali.

1. Kada rashin sani ya hana ka

Datti bai taɓa ɗaure noti ba. Ko ƙwan fitila ne ya mutu, matarsa Kubra ke hawa kujera ta canza. Wannan bai hana shi kwaɗayin injin da makanikai ke ce wa milin ba, mai sassaƙa ƙarfe ya fitar da haƙoran giyar mota. In an tambaye ka me za ka ƙera, ka ce "abubuwa da dama," ka kalli nesa.

2. Zaɓi ɗakin da ya fi amfani a gidan

Injin kirki ba ya kwana a waje. A gidan Datti, ɗakin da ya dace shi ne wanda Kubra ke ɗinki a ciki da kekenta mai lantarki, ga kayan Sallar mutane jibge har taga.

"Baban Salma, ɗakin nan fa shi ke ciyar da mu," in ji ta.

"Na ɗan lokaci ne. Injin na fara aiki, a Rayfield, unguwar masu kuɗi, zan kama miki shago."

Ka riƙe wannan amsar, tana aiki. Keken ya koma baranda, inda sanyin Jos ke ƙandarar da yatsu tun kafin a zura zare.

3. Je wurin mai sayarwa ranar da babu wuta

Wannan ba wuya, kowace rana ka je ka dace. A kasuwar Dilimi Datti ya samu Jelili, dillalin tsofaffin injuna, ya yaye buhu daga kan wani ƙaton abu mai tsatsa.

"Oga, wannan tun zamanin haƙar kuza. Bature ne ya kawo shi. Ba ya mutuwa."

"To a kunna mu gani."

"Kash! Da jiya ka zo, wuta ya kwana."

Kada ka matsa. Injin da ba a kunna ba bai taɓa ba kowa kunya ba. Ƙwanƙwasa shi da makulli, ka kara kunne, ka gyaɗa kai. Tura shi da kafaɗa: in bai motsa ba, mai kyau ne, don a garin nan nauyi shi ne inganci. Akwai wani ɗan ƙarfe mai rubutu a gefensa da ke faɗin irin wutar da yake ci. Kada ka karanta, karatu ai kai da Datti kun gama shi a ofis.

4. Kada ka auna ƙofa

Awo aikin tela ne. Datti ya kwaso 'yan dako daga Farin Gada, mutanen da suka saba da buhun kabeji da dankali. Suka mirgino injin a kan fayif suna salati suna zagi, aka iso ƙofa, ƙofa ta ce ba da ita ba. Sai aka fasa bango, aka tura injin ciki, aka maida bulo, duk kafin mai gidan hayar, Baba Jang, ya dawo daga ƙauye. Da ya dawo ya shafa ɗanyen siminti, ya ce, "Datti, na yi shiru saboda matarka mutumin kirki ne. Ka sake taɓa min bango, ka nemi wani gida."

5. Canza mai gyaran wuta har ka samu mai cewa "ba damuwa"

Na farko zai ce injin wuta mai layi uku yake so, gidanka kuma layi ɗaya ne. Mahassadi ne, sallame shi. Na biyu zai hau falwaya ya jawo maka abin da ya samu. Tara maƙwabta, sa hular kwano, yi bismillah, danna.

Injin Datti ya yi gurnani kamar bijimin sa, sai ji muka yi taransifomar unguwa ta amsa da "dam!" Tun daga ranar ba wanda bai san shi ba. Nneamaka mai kifin sanyi har gida ta kawo masa kwalin da ya narke, ta ajiye a ƙofa, ta ce, "Injiniya, ga naka."

6. In matarka ta yi shiru, ka ɗauka ta yarda

Kubra ta aro keken ƙafa, ta yi ta taka shi a baranda har ƙafafunta suka kumbura, duk da haka ba ta gama ba. Ana jajiberin Sallah mata suka riƙa zuwa suna karɓe atamfofinsu a yanke, wata har da cewa Kubra ta ci amana. Ni da nake jiyowa ta katanga, wallahi sai da raina ya ɓaci. Ita ko uffan ba ta ce ba. Bayan Sallah ta ɗora kekenta a mota, ta kama hannun Salma, sai gidan mahaifinta a Anguwan Rogo.

7. Je biko, amma da mutuncinka

Datti ya tsuguna gaban surukinsa. Tsohon ya ce, "Ni ban riƙe ta ba, ga ta nan." Daga bayan labule Kubra ta ce, "Ba fushi nake ba, Baban Salma. Ranar da injin ya fita, ranar zan shigo."

Baba Jang ya ce bango dai a'a. Jelili ya ce akwai hanya: ya turo masu walda su yanka injin gunduwa-gunduwa, a fitar ta ƙofa, ya saya a kilo. Yini ɗaya an gama.

"A yanka ƙarfen Bature?" in ji Datti, ya dafe ƙirji. Ya ce zai yi tunani.

Kai ma haka za ka ce. Kullum da safe ka shiga ka goge shi da baƙin mai, ka fito ka dafa indomi, ka ci gaba da tunani.

A kula

Ni shawara kawai na bayar. Ban saya maka ba, ban fasa bango ba, ban hau falwaya ba. Duk abin da ya biyo baya, kai da ƙaddararka, kada ka ƙwanƙwasa min ƙofa. Haka na gaya wa Datti jiya, da ya zo yana tambayata a hankali ko gaskiya ne Kubra ta sa an yi mata allon tela a ƙofar gidan mahaifinta. Gaskiya ne, na gani da idona. Da siminti aka kafa shi.