Jarumin Da Bai Waiwaya Ba

A shekarun matsi, da ofis ya sallame mu, na zama malamin fim a gidan bidiyon New Bell. Kullum ina koyar da jama'a: "Fim mai kyau, jarumi ya rama. Fim na gaske, ya rama ya wuce bai waiwaya ba."

Sai wani ɗan bensikin ya watsa mini taɓo da jan babur ɗinsa. Ran Juma'a na ga jan babur a ƙofar masallaci. Na sace iskar tayoyin, na wuce da ƙasaita.

Da a ce na waiwaya, da na ga surukina tsaye da makullin babur ɗin a hannu.

Har yau in na je gaishe shi, sai ya ce, "Ku shigar da babur, jarumi ya iso."