Akwatunan da Suka Ƙi Fita Daga Mota

Ba zan taɓa mantawa da rangadina na farko ba, ina sabon malamin dabbobi a Kontagora, tun ba a ƙirƙiro Jihar Neja ba. Za mu yi mako guda a dajin Zugurma muna yi wa shanu allura, mu huɗu a Landiroba ɗaya, ga tanti ga tukwane.

Kowa ya zo da buhunsa. Ni kuwa, da yake na yi boko (kuma ina so a sani), sai na auna bayan motar, na sa kafinta ya yi mini akwatunan katako uku da suka zauna cif-cif, ko tsinke ba zai ratsa ba. Ɗaya na abinci, ɗaya na magani, ɗaya na tufafina.

Direbanmu Baba Ɗanladi, wani dattijo Bakambare, ya ƙwanƙwasa su ya ce, "Malam, damina ce fa. Katako yana shan ruwa."

Na ce, "Baba, tuƙi naka ne, awo nawa."

Muna wuce Sahon Rami ruwa ya kece, tamfol ɗin da ya rufe bayan motar ya yi ta yoyo. Mota ta kafe, muka fita turi, na zame na yi wanka da taɓo har kunne.

Da muka isa ruga, arɗo ya tara jama'a da shanu suna jira. Na je ɗauko kayan canji, akwatuna sun kumbura sun manne da juna, ko murfi ya ƙi ɗagawa. Mu huɗu muka ja, ko gezau. Dole na tuɓe na ɗaura bargon Baba, na tsaya gaban mutane ina jawabi, ƙafa ba takalmi.

Wata tsohuwa ta leƙo ta tambayi Baba, "Wannan marar lafiyar fa, ina za ku kai shi?"

"Inna, shi ne likitan."

Ban sunkuyar da kai ba, na ce a jira katako ya bushe. Arɗo ya ce shanunsa ba su karya kumallo ba, ya miƙo gatari. Da hannuna na faskara su (da guntayen aka dafa tuwon rana, kuma na ci, har na nemi ƙari).

Har gobe ban yarda na yi kuskure ba, ruwan sama ne ya shigo ba a auna da shi ba. Sai dai tun daga ranar, in za ni tafiya, wandona na biyu a naɗe a kan cinyata yake zama.