Kabad Ɗin Da Ya Aurar Da Rosemary

Ranar Talata aka koya mini zama a kan kujera. Na haura saba'in, na yi shugabancin makarantar 'yan mata har na gaji na sauka, ashe duk tsawon rayuwata zaman ganganci nake yi ban sani ba. Sai da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas ta dawo Abuja sannan aka sami mai gyara mini. Allah ya saka mata.

Ga yadda aka yi. Ƙawata Lydia, mai ginin tukwane a Kwali, tana da jika, Rosemary, wadda ta raina tun ranar da uwar yarinyar ta rasu a kan gwiwa. Tukunya ce ta kai yarinyar nan har jami'a. Ta sami aiki a wata ma'aikata, ta haɗu da Thaddeus, yaro mai hankali wanda aibinsa ɗaya ne, wato ubansa. Uban kuwa shi ne Mai Girma Sarkin Sa-Hannu, Garkuwan Fayil, wanda in ya yi atishawa a saman bene, masinja a ƙasa yake cewa an gode.

Mai Girma ya dubi birnin nan da aka narkar da abin da aka narkar wajen gina masa, ya ce ba inda ya kai a aurar da ɗansa a ciki. Daji ne, in ji shi. Saboda haka a wani tsibiri a ƙasar waje za a yi biki. Da aka tashe mu daga gonakinmu, cewa aka yi nan ne gidan kowa. Ba a gaya mana ban da ranar biki ba.

Tunda dangin amarya mutanen ƙauye ne, aka ga wajibi ne a yi mana bita kada mu je mu zubar wa ƙasa mutunci. A makon da jama'a ke kwana a layin mai, bas ɗin ma'aikata ya zo har Kwali, tanki cike. Maƙwabcina Malam Nababa, mai tasi, yana zaune a kan motarsa da ta zama benci, ya ce, "Malama, ina zuwa haka da anko?"

Na ce, "Koyon shiga jirgi."

Ya ce, "To in kin ga direban jirgin, tambayar mini shi a wane gidan mai yake sha."

A babban zauren taro muka tarar da Albert, jami'in karɓar baƙi, ɗan saurayi mai laktayen da ya kusa shaƙe shi. Ya jera kujeru biyu-biyu da hanya a tsakiya, wai jirgi ke nan. Ya ce a ɗaura bel. Babu bel, sai kowa ta cire ɗankwali ta ɗaure cikinta da kujerar gwamnati. Wani masinja yana turo keken fayil yana tambayarmu shayi ko lemo, ko da yake fayil ne a kai. Ma'aikata ranar ba a yi aikin kowa ba sai namu, kuma a gaskiya ban taɓa ganin gwamnati ta mai da hankali ga mutanen Kwali haka ba.

Sai dokoki. Ba a tafiya da doya. Ba a guɗa. Ba a tare Bature a tambaye shi iyali da gajiya. Cokali mai yatsu kuma da hagu ake riƙewa.

Lydia ta ɗaga hannu. "Ɗana, da hagu ka ce?"

"Da hagu, Mama."

"To, su da wane hannu suke shiga bayi?"

Na taɓa zuwa kwas ɗin malanta a ƙasar Turawan nan, na gan su suna cin kifi da dankali da yatsu a cikin tsohuwar jarida, a tsaye, a bakin titi. Amma wa ya tambaye ni? An riga an yarda cewa wanda ya tsallaka ruwa yakan dawo da hankali. Ni na ga masu yawa da akwati kawai suka dawo.

Muna cikin saukar jirgi, wato muna kwance ɗankwali, Albert ya yi gyaran murya. Wai an sami ɗan canji. Ma'aikata ta gano akwai buƙatar gaggawa ta tura tawaga ta yi nazarin yadda ake raya bakin teku, kuma cikin ikon Allah tsibirin nan aka zaɓa, makon nan kuma. Mu da kogin da ya fi kusa da mu yara ke tsallakewa da wando a hannu lokacin rani! Tawaga ta cinye kujeru, don haka tsofaffi za su yi haƙuri. Sunan Lydia aka fara kira.

Ba ta yi kuka ba, Rosemary ce ta yi. Lydia ta ce a hankali, "Ni na yanke wa yarinyar nan cibiya. A gidanmu, wadda ta raina ita ke sa hannun amarya a hannun miji. In ba haka ba, ba a bayar ba, ɗauka aka yi."

Albert ya yi murmushin da aka koya masa. "Kada ki damu, Mama, an tanadi mai wakiltarki. Matar wani darakta ce, ta ma iya Turanci sosai."

Na ce, "Yaro, ka gaya wa oganka ana wakiltar mutum a kwamiti, ba a wakiltar kaka."

Ya ce za a duba.

A bas, Lydia ta ninke ankon da ta riga ta ɗinka ta ajiye a cinya.

To, masu karatu, ni da na saba zagin ƙaurar nan ta gwamnati, yau na janye. Fasfo ɗin dangin amarya duka, har da na amaryar, an aika da su ofishin Mai Girma na Legas don a buga biza. An buga. Akawun da ya karɓo, mutum mai amana, ya kulle su a kabad ɗin ƙarfe. Kashegari umarni ya zo a kwashe sauran ofishin, aka loda kabad a tirela sai Abuja. Mabuɗi kuwa yana aljihun akawu, akawu yana Legas, ya ce shi ba zai zo daji ba sai an ba shi gida.

Na bi Thaddeus da Rosemary zuwa inda aka sauke kayan, wani bene da ba a gama ba. Kabad ne jibge har rufi, duk ruwan toka, duk iri ɗaya, akuya na kwance a kan wani. Albert yana tsaye gumi ya jiƙa laktaye.

Thaddeus ya ce, "A kawo guduma."

"Haba, ƙaramin oga! Kayan gwamnati ne. Sai da sa hannun Mai Girma."

"Ina Mai Girman?"

"Ya tashi jiya da tawaga. Yana can yana jiran amarya."

"To a cika takardar neman izini a aika masa."

Albert ya sunkuyar da kai. Takardun neman izinin ma suna cikin kabad.

Fasfon Thaddeus yana aljihunsa, jirginsa kuma bai tashi ba. Nan na ce a raina tafiya zai yi ya bar ta, don na san 'ya'yan manya, na koyar da iyayensu mata. Ya dubi Rosemary, ya dubi akuya, ya ce mu shiga mota. Ba filin jirgi ya nufa ba. A Kwali muka tarar da Lydia hannu dumu-dumu da yumɓu. Ya durƙusa har ƙasa.

"Kaka, fastonku yana nan ranar Asabar?"

Ta ce, "Ina zai je? Shi ma ba a zaɓe shi ba."

Ranar Asabar cocin ya cika har waje. Lydia ta kama hannun jikarta ta sa a hannun yaron, ta riƙe su duka biyun ta ƙi saki, sai da fasto ya ce, "Mama, a bar mini sauran aikin." A nan ne ta yi kukan.

Can tsibiri kuma, an ce tunda an riga an biya, an ci, an sha, an yi jawabai, manyan baƙi sun yanka kek da kansu. Yanzu Mai Girma ya ba da umarni a haɗa hotunan a albam guda: shafin hagu manya a bakin teku, shafin dama amarya da ango a gindin mangwaro. Na yaba ƙwarai. Tun da aka haife ni, wannan ne karon farko da na ga gwamnati da jama'a a littafi ɗaya. Shafi ɗaya kuwa, kada mu cika zari.