Birkin Motar Baba

Bayan rasuwar Baba, a-kori-kurarsa ta dawo hannuna. Ranar da na fara ɗauko kaya da ita daga ƙauye, ina isowa unguwarmu Habbena na kwarara mata ruwan randa har cikin tayoyi, birki yana ta huci. Baba ba ya barin mota ta kwana da datti, ni kuwa gani nake na gaje shi a komai.

Washegari, dab da makabartar da muka kai shi, na taka birki. Sai ya bubbugi tafin ƙafata a hankali, kamar yadda Baba yake bubbuga mini gwiwa in na cika gudu. Sitiyari ya yi rawa. Babu kowa a gefena. Na ce, "Na ji, Baba."

Kullum a nan abin yake faruwa. Ban lura nan ne kaɗai hanya take sakin jiki har in yi gudu ba. Na tara 'yan gida, na sanar da su cikin ƙaramar murya cewa Baba bai bar motarsa ba. Inna ta yi kuka. Aka yi sadaka, aka turara kujeru.

Kawu Sale, ƙanin Inna, makaniki ne a unguwar Ridina. Ya cire taya, ya shafa faifan birki, ya dube ni. "Ɗana, wa ya yi wa ƙarfe mai zafi wanka? Ya lanƙwashe. Ga fatalwarka nan."

Ya sa sabo. Bugun ya daina, kuma ban gode masa da zuciya ɗaya ba.

Har yau in na shiga gida, ƙannena sai su ce, "Yaya, Baba ya aiko da saƙo, ko ba ka taka birki ba?"